Gyaɗa Ba Ta Babi na Takwas

A gidan ɗan kasuwa na tashi. Mahaifina ya yi shekaru yana sayen riɗi da zoɓo da citta a Dawanau, kuma tun ina firamare nake zama kan buhu ina ƙirga masa abin da 'yan dako suka sauke. Da na zo Amurka ma sai rabo ya kai ni wajen kaya: na sami aiki a wani ƙaramin kamfanin jigila kusa da filin jirgin JFK a birnin New York, inda na yi shekara shida ina shigar da bayanan takardun kaya a kwamfuta. Saboda haka da na yanke shawarar neman lasisin wakilin fiton kaya, ban ɗauki tambayoyin rarraba kaya, wato gano lambar da kowane kaya yake ɗauka a littafin fito, da wani nauyi ba. Dokoki nake tsoro. Kaya kuwa, na ce a raina, ai a cikinsu aka haife ni.

Hukumar kwastan ta Amurka, wadda ake kira CBP, ita ke shirya jarrabawar sau biyu a shekara, yawanci ranar Laraba ta huɗu a watan Afrilu da kuma Oktoba. Tambaya 80 ce, kowace da amsoshin zaɓi, a cikin awa huɗu da rabi, kuma sai ka ci 60 kafin a ce ka haye, wato kashi 75 cikin 100. Dole ka zama ɗan ƙasa, kuma kuɗin zama dala 390 ne lokacin da na biya. An yarda ka duba littafi. Wannan iznin shi ya yaudare ni, kamar yadda yake yaudarar mutane da yawa. Minti 270 ne a gabanka. Raba shi gida 80, kowace tambaya ta tashi da minti uku da 'yan daƙiƙoƙi. Wanda bai san inda abu yake ba tun daga gida, ba zai same shi a minti uku ba.

Littafin da ake rarraba kaya da shi sunansa HTSUS. Ya fara aiki a Amurka ranar 1 ga Janairu 1989, kuma an gina shi ne a kan tsarin bai-ɗaya na Hukumar Kwastan ta Duniya da ke Burasal. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a kusan ko'ina: riɗin da ya bar Apapa da lamba 1207.40, da ita zai iso nan. Amurka ce ke ƙara lambobi biyu don tsayar da kuɗin fito, da wasu biyu don ƙididdiga, su zama goma. Sashe 22 ne, babi har zuwa 99, an bar na 77 babu komai a ciki. Na sayi bugun takarda, ya zo a manyan fayil guda biyu, nauyinsu sai da hannu biyu.

Daren farko gyaɗa na nema, don ita na fi sani. Na tafi babi na 8 kai tsaye, inda 'ya'yan itatuwa da dangin yazawa suke. Na ga goro a 0802.70, na ji daɗi, na ci gaba da bin layi da yatsa har ƙarshen babin. Babu gyaɗa. Ashe tana babi na 12 tare da riɗi da waken soya, a matsayin irin da ake matsar mai, a kanu 1202 (kanu shi ne lambobi huɗu na farko), shi ma da sharaɗin ba a soya ta ba, ba a dafa ta ba. Da zarar ta ji wuta ta koma babi na 20, a 2008.11. Man gyaɗa yana 1508. Abin da ya rage bayan an matse man, irin tunkuzarmu, yana can babi na 23 a 2305, cikin abincin dabbobi. Gyaɗa ɗaya, gida huɗu. Kuma ba wasa ba ne a kan kuɗi: ɓararriyar gyaɗar da ta wuce adadin da aka ƙayyade wa shekara, kuɗin fitonta kashi 131.8 cikin 100 ne na darajarta.

Ya kamata wannan daren ya ishe ni darasi, amma bai ishe ni ba. Na ci gaba da karatu irin wanda na saba a wurin aiki, inda nake buga sunan kaya a na'ura ta kawo mini jerin lambobi, in ɗauki wadda ta fi kama, wata mai lasisi ta duba ta gyara. Ban taɓa tambayar ta me ya sa ta gyara ba. Shirina na farko ya faɗo cikin azumin 2023. Bayan asham nake zama, in yi awa ɗaya ina gyangyaɗi a kan dokokin kwastan, rarraba kaya kuwa na bar shi a kan cewa ranar jarrabawa zan nema in samu. Aka yi Sallah ranar Juma'a, ranar Laraba 26 ga Afrilu na zauna. Tambayoyin rarrabawa suka cinye mini lokaci, wata na yi kusan minti goma a kanta ina juya shafi, ƙarshe tambayoyi da dama sai canka na yi. Na sami 51. Daga baya aka sanar cewa kashi 5.5 cikin 100 ne kaɗai suka ci a wannan zaman, abokan aiki suna ba ni haƙuri da wannan adadi. Bai sanyaya mini rai ba, domin da na ɗauki takardar amsoshin da hukumar ta fitar na bi ɗaya bayan ɗaya, na ga inda na zubar da maki, kuma a wurin da nake taƙama da shi ne.

Matar nan mai lasisi, dattijuwa ce da ta fi shekara talatin a aikin, ita ta zaunar da ni wata rana bayan an tashi. Ta ɗauki fayil ɗina ta buɗe shafukan farko, waɗanda ban taɓa tsayawa a kansu ba. Ta ce, "Ɗana, karanta mini ƙa'ida ta ɗaya da ƙarfi." Na karanta. Abin da take cewa shi ne sunayen sassa da na babi-babi an sa su ne don sauƙin nema kawai. Abin da doka ta sani shi ne lafazin kanun da kuma bayanan da ke farkon sashe da farkon babi. Ta ce, "To kai da sunan babi kake aiki, shi kuwa ba doka ba ne. Ka san kaya, ban musa ba. Amma ba a tambaye ka mene ne wannan ba. An tambaye ka ina littafin ya ajiye shi."

Daga ranar na sake lale. Wata biyu cur ban taɓa tsohuwar jarrabawa ba, bayanan farkon babi kawai nake karantawa, musamman jerin da ke farawa da cewa wannan babi bai ƙunshi kaza da kaza ba. A nan ne asirin yake. Kowane babi yana korar wasu kaya kafin ya karɓi wasu, kuma yakan faɗa maka inda ya kore su. Na sayi ƙaramin littafin rubutu, kowane babi shafi guda, ina rubuta abin da ya kora da Hausa, don in tabbata na fahimta ba haddacewa na yi ba. Idan na kasa faɗar sharaɗi da Hausa, to ban gane shi ba, sai in koma.

Misalin da ya fi zauna mini shi ne na bol da noti. A ce an kawo bol na ƙarfe wanda aka ƙera musamman don wata mota. Hankali zai ce kayan gyaran mota ne, a kai shi 8708. Amma bayani na 2 a sashe na 15 ya ware wasu abubuwa ya kira su sassan amfanin gama-gari, irin su bol da noti da sukuru da sifirin, sannan sashe na 17, inda motoci suke, ya ce bai karɓe su ba. Saboda haka bol ɗin yana 7318 tare da 'yan'uwansa, ko da babu abin da zai ɗauru da shi a duniya sai wannan motar. Masu shirya tambaya sun san hankali zai ja ka zuwa 8708, don haka za ka same ta zaune a cikin amsoshin zaɓi tana jiran ka.

Haka abinci. Haɗin abincin da nama ko kifi ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa yana tafiya babi na 16, sai 'yan abubuwan da aka togace, kamar taliya mai cushe, da kuma miya. Idan tambaya ta ce nama kashi 18 ne, ba don ado aka sa adadin ba. Na koyi cewa duk lambar da aka ambata a tambaya, akwai wani layi a littafin da take nuni gare shi. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana da ma'anarsa a babi na 72: kabon kada ya wuce kashi 1.2, kuromiyam kuma ya kai kashi 10.5 ko fiye. Kayan jarirai su ne na yaron da tsayinsa bai wuce santimita 86 ba. Kayan tarihi na 9706 sai sun haura shekara 100. Tumatir ma na bi shi kamar yadda na bi gyaɗa: ɗanye 0702, kauɗa 0712, na gwangwani 2002, wanda aka haɗa da kayan ɗanɗano ya zama abin dangwale kuma 2103. Tun 1893 kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa a wajen kuɗin fito tumatir kayan lambu ne, ko da masana tsirrai sun ce ɗan itace ne.

Ƙa'idojin fassara guda shida ne, kuma bi da bi ake bin su, ba a tsallake. Kuskurena na biyu ke nan: ina son ƙa'ida ta uku saboda tana ba mutum damar yin hukunci, sai in ruga gare ta alhali ta ɗaya ta riga ta gama magana. Ta biyu tana cewa abin da bai kammala ba, ko aka kawo shi a wargaje, idan ya riga ya ɗauki ainihin siffar kammalallen, to kammalallen ne. Keken da babu sirdi babu taya keke ne, 8712. Ta uku ita ce ta lokacin da kanu biyu suka yi jayayya a kan abu ɗaya. Da farko a ba wanda ya fi fayyace shi. In ba a rabu ba, a duba abin da ya ba kayan ainihinsa. Jakar aski mai ɗauke da kilifa ta lantarki da mataji da almakashi da buroshi da tawul, duka tana bin kilifar zuwa 8510, don saboda ita ake sayen jakar. In nan ma an yi kunnen doki, sai a ɗauki kanun da ya zo ƙarshe a jerin lamba. Ta huɗu ba a cika isa gare ta ba. Ta biyar ta akwati da marufi ce.

Ta shida ce ta fi ba ni wuya, kuma ita ce ba a cika magana a kanta ba. Bayan ka sami kanun mai lamba huɗu, sauran aikin gangarawa ne cikin ƙananan kanu, kuma ba a gwada layi sai da wanda suke daidai a zurfi. Littafin yana tura kowane mataki ciki kaɗan daga gefen shafi. Kalmar da ke nufin "sauran" tana iya fitowa sau biyar a shafi ɗaya, kowace a ƙarƙashin uwa daban, wani lokaci uwar tana shafin baya. Sau da yawa amsoshin zaɓin duka kanunsu ɗaya ne, a lambobi huɗun ƙarshe suka bambanta. Na sha samun kanu daidai in faɗi a nan. Maganin da na samu shi ne rula da fensir. Nakan ɗora rula a tsaye a kan matakin farko, in karanta duk layukan da suka taɓa ta, in zaɓi ɗaya, sannan in matsar da ita ciki. Da farko matata tana ganin abin kamar aikin ɗan firamare, amma bayan mako uku idona ya koyi ganin matakan ba tare da rular ba.

Sai tufafi, inda na daɗe ƙwarai. Babi na 61 na saƙa mai miƙewa ne, irin ta singileti da suwaita. Babi na 62 na saƙar tsaye da kwance ne, irin ta shadda da atamfa. Tambayar farko ke nan kullum, kuma wanda ya ɓata a nan ya ɓata gaba ɗaya. Sannan na maza ne ko na mata? Littafin yana da hukuncinsa: rigar da gabanta ke rufewa hagu a kan dama ta maza ce, dama a kan hagu ta mata, sai dai in ɗinkin ya nuna akasin haka a fili, wadda aka kasa ganewa kuma a ba mata. Na tashi tsakar dare na buɗe durowa ina duba maɓallan rigunana da na matata, na ga haka abin yake, shekara da shekaru ina sa riga ban taɓa lura ba. Sannan zaren. Idan an gauraya, wanda ya fi nauyi shi ke da rigar. Idan auduga rabi foliyesta rabi, babu wanda ya rinjaya, sai a ba wanda ya zo ƙarshe a jeri. Auduga tana babi na 52, zaren roba yana 54 da 55, don haka tishat ɗin ta bar 6109.10 ta koma 6109.90. Takalmi ma haka yake da nasa: saman ana duba abin da ya fi rufe fili a waje, ba tare da ƙirga kayan ado da ƙarin ƙarfi ba, tafin kuma abin da ya fi taɓa ƙasa.

A watan Yuli na sami abokin karatu, wani Alhaji ɗan zangon Kumasi da muke sallah tare a Bronx, shi ma yana aikin jigila. Ranar Lahadi bayan azahar muke haɗuwa a falona. Hukumar tana sa tsofaffin jarrabawa da amsoshinsu a shafinta kyauta, muka sauke na shekaru da dama. Ƙa'idarmu ita ce ba a yarda ka faɗi lamba kawai ba, sai ka faɗi layin da ya kai ka. "Malam, wane bayani ne ya ce haka?" Ita ce tambayar da yake jefo mini, ko da amsata ta dace da ta takarda. Wani lokaci sai in ga na ci ne da sa'a, kuma irin wannan cin nakan rubuta shi a cikin kurakurai. Abu ɗaya da ya kamata mai shiri ya kiyaye: littafin yana canzawa, an yi wa tsarin duniya gyara babba a 2022, don haka tsohuwar amsa tana iya nuna lambar da yanzu babu ita. Hukumar takan sanar da bugun da za a yi amfani da shi a kowane zama, shi za ka riƙe.

Ginshiƙan kuɗin fito ba su ɗauke ni lokaci ba. Na farko yana da kuɗin gama-gari da na rangwame, inda harafin D ke nuna kayan AGOA, wato shirin rangwamen fito na Amurka ga ƙasashen Afirka, S kuma na yarjejeniyar Amurka da Kanada da Meziko. Na biyu, mai tsada, na Kuba da Koriya ta Arewa ne, aka ƙara Rasha da Belarus a 2022. Babi na 98 da 99 na Amurka ne ita kaɗai: kayanta da suka fita suka dawo, kayan da aka shigo da su na ɗan lokaci, da ƙarin harajin da aka ɗora wa kayan Sin da ƙarafa. Na manna musu alama na wuce.

Wata guda kafin jarrabawa na fara zama irin na gaske, kowace Asabar daga safe, awa huɗu da rabi, waya a kashe, yara a gidan ƙanwar matata. A nan na tsara yadda zan bi takardar. Tambayoyin dokar wakilai da na ajiyar takardu, waɗanda na san sashensu, su nake fara yi da sauri don in tara mintuna. Rarraba kaya nake bari a tsakiya, lokacin da kai bai gaji ba kuma ban fara kallon agogo ba. Kuma ba na fara nema daga kayan. Daga amsoshin nake farawa. In duba babi nawa aka kawo, in je bayanan kowannensu in ga wanne ya kori kayan. Sau da yawa amsa biyu ko uku suna faɗuwa tun a nan. Na sa wa kaina iyaka: minti biyar, in ban samu ba in zaɓi mafi kusa, in yi alama, in wuce. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, don ba na son barin abu a buɗe, amma tambayar da ta ci minti goma maki ɗaya take bayarwa, daidai da wadda ta ci rabin minti.

Ranar 25 ga Oktoba na ja akwatin tafiya cike da littattafai zuwa wurin jarrabawa, na tarar da wasu ma da nasu akwatunan. Akwai littattafan a kwamfutar da aka ba mu, ana iya neman kalma a ciki, amma a rarraba kaya takardata na fi amfani da ita, don hannuna ya san inda babi na 61 yake tun kafin in duba alama. Wata tambaya ta tsaya mini, na ji zuciyata ta fara bugawa irin ta Afrilu. Na ajiye fensir, na yi salati, na koma farkon babin na karanta jerin abin da ya kora. A layi na huɗu ko na biyar na ga kayan. Na gama da saura minti goma sha biyu, na koma kan uku daga cikin waɗanda na yi wa alama.

Bayan 'yan makonni sakamako ya zo: 64. Na kira Baba a Kano, ya ce, "Alhamdu lillahi. To yanzu kai ne kwastan ɗin?" Na ce a'a Baba, ni ne mai tsaya wa ɗan kasuwa a gabansu, kuma da saura, sai na cike takardar neman lasisi, an ɗauki zanen yatsuna, an binciki tarihina. Ya ce Allah ya sa albarka, ya kuma ce in riƙe amana, don dukiyar mutane ce za ta riƙa bi ta hannuna.

Alhaji ya sami 57, saura uku. Ranar Lahadin da ta biyo baya ya zo da fayil ɗinsa kamar kullum, ya zauna a inda ya saba zama. Muka buɗe takardar amsoshi muka bi nasa ɗaya bayan ɗaya, muka ga biyar daga cikin waɗanda ya rasa a gangarawa cikin ƙananan kanu ne. Na ɗauko rular daga durowa na miƙa masa, muka buɗe babi na 64.